Harsasan Mang Teryo Sun Fara Shiru

Lahadi, 6 ga Yuli, biyar na yamma

Matata Puring ta ce in dai zan ci gaba da zagaye tsakar gida ina magana ni kaɗai, gara in sami takarda in rubuta, maƙwabta sun fara leƙe. To ga shi ina rubutawa, ko hankalin matar nan ya kwanta.

Yau harsashina ya ƙi tashi. Ba ɗaya ba, har uku, kuma a hannun 'yata, a gaban 'yan kulob kaf. Ningning ta shiga zagaye na ƙarshe tana gudu tana kakkaɓe farantan ƙarfe yadda ta saba, sai na ji ƙyas. Ta ja bindiga ta tofar da shi, ta ci gaba. Ƙyas kuma. Da na uku ya yi, filin harbi ya yi tsit, har carar zakaran mai gadi na ji. Tun tana ajin farko a sakandare yarinyar nan take harbin gasa, ba ta taɓa sa harsashin kanti a bindigarta ba, sai wanda na ɗura da hannuna a ɗakin baya. Kuma ba a taɓa jin ƙyas ba.

Nata ne suka ƙare, shi ne na zaro sabon kwali daga jakata na miƙa mata nan take. Ta dubi kwalin, ta ce, "Tay, ko in haƙura da zagayen nan?" Tay ko Tatay take ce mini, wato Baba. Na ce ki haƙura da me, ga harsashi jiya-jiya na ɗura shi.

Na tsince ukun. Duka allura ta sari firaima, 'yar hular nan ta gindin harsashi mai ba albarushi wuta, amma saran bai yi zurfi ba. Saura wata guda gasar Pampanga, inda za a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙasa. Bara da ɗan maki kaɗan ta rasa, ta yi sati ba ta cin abincin kirki. A can ƙyas ɗaya ya isa ya mai da mutum gida.

Damina ce. Danshi ne kawai.

Litinin, 7 ga Yuli, hantsi

Na kwance 'yan kaɗan daga kwalin jiya. Albarushi a bushe yake, awo daidai, kwanso lafiya. Na jera fakitin firaimar da suka rage a akwatin katako, na ƙulla ɗanyar shinkafa a tsumma na jefa ciki ta shanye danshi. Puring ta leƙo ta ce, "Au, yanzu har bindiga ma ta shiga sahun masu cin shinkafar gidan nan?" Na ce mata ta fita mini daga ɗaki.

Aikin nan ba wuya gare shi ba, natsuwa yake so. Ka wanke kwanso, ka cire tsohuwar firaima, ka dasa sabuwa da awartakin hannu, kana matsawa a hankali har ka ji ta taɓa ƙasa ta zauna. Ji ake yi, ba gani ba. Sannan ka shafa gindin da kan yatsa. In ta zauna za ka ji ɗan kwarmi, in kuwa ta yi tudu, ko da kaurin gashi ne, yatsa zai gaya maka. Rabin kulob ɗin nan ni na koya musu haka. Shekara talatin na yi ina sassaƙa ƙarfe a masana'antar sukari, injiniyoyi da ma'auninsu suna zuwa su ce Teryo taɓa mana nan. Na shafa na jiya ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau na ji su.

Na ɗura sabbi, na ja wa kowane gindi jan layi. Kowa a kulob da launin da yake shafa wa kwansonsa, don in an gama harbi ya tsince nasa. Nawa ja ne tun fil azal, in ban da Janairun nan da alƙalamin ya bushe na yi wata guda da kore, suka yi ta cewa Mang Teryo ya sauya jam'iyya.

Laraba, 9 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba. Biron nan ba ya riƙuwa, sai zamewa yake yi. Wa ke sayo mana irin waɗannan?

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan azahar

Na shiga gari wajen mai sayar mana da kayan ɗuri. Na ce masa firaimar da ya ba ni ta kwana biyu a wani sito mai yoyo. Ya ce, "Mang Teryo, katan ɗin nan mutum nawa suka ɗiba, ba wanda ya dawo." Na ce to ni na dawo. Ya yi dariyar 'yan kasuwa, ya kawo mini wani samfuri. Wajen karɓar canji tsabar ta watse a ƙasa, yaransa suka yi ta bi ƙarƙashin kanta. Teburin nasa ne mai santsi.

Na dawo na tarar Puring ta sake ɓoye sukari. Shan barako, baƙin kofin nan namu, ba sukari, wannan ai horo ne. Kofin ma ya fashe, wanda Ningning ta ci a gasar Cebu. Na tattara na kai bola kafin a gani.

Asabar, 12 ga Yuli, yamma

Mun je fili ni da Ambo, mu biyu kawai. Ambo shi ya tsaya wa Ningning ranar baftisma, tun daga nan muke ce wa juna Pare, kuma tun daga nan yake ganin yana da bakin magana a gidana.

Na sa sabbin da na ɗura da sabon samfuri. Suna ta tashi, tau, tau, tau, har na fara juyowa in yi masa gwalo. Ƙyas.

"Kar ka yar," in ji Ambo. "Pare, mai da shi ka sake sara masa."

Na mai da shi. Tau. Can wani ya sake yin shiru, na mai da shi, shi ma tau. Ambo ya cire abin toshe kunne ya rataya a wuya, ya tsaya yana kallona.

"Teryo, wadda danshi ya kashe ba ta tashi a sara na biyu. Saran farko tura ta ciki ya yi, na biyu ya tashe ta. Ba ta zauna ba ne."

"Sannu malam. Yau kuma kai za ka koya mini?"

"Kai ka koya mini. A gindin mangwaron can, har da zagin uwa."

"Na shafa su, Pare. Ɗaya bayan ɗaya."

"Ka shafa?"

Sai ya sauke ido kan hannuna. Na cusa shi a aljihu. Ya ce mu je ya saya mini lomi, miyar taliyar nan, na ce ba na jin yunwa. Na ci kwano guda da rabin nasa, don haushi.

Ramin kwanson ne ya yi datti. Gobe zan bi su da buroshi.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan coci

Mun makara saboda maɓallan riga. Telolin yanzu maɓalli suke sawa kamar ƙwayar gero. Puring ta zo ta ture hannuna ta ɓalla mini. Da ta yi masifa da ya fi mini.

Na yi wunin ina goge ramukan kwanso. Ban zauna wuri ɗaya ba.

Talata, 15 ga Yuli, bayan cin abincin yamma

Na gano! Mai ne. Kowa ya san maiƙo na kashe firaima, kuma kullum da yamma Puring tana murza mini hannu da man kwakwa da citta. In na tashi da safe na shiga ɗakin baya da sauran maiƙon. Na fito da murnata na gaya mata, na ce daga yau a daina.

Ta ajiye ludayi. "To madalla. Ni ce na kashe maka harsashi. Amma gaya mini, me ya sa nake shafa maka man?"

"Sanyin damina."

"Tun Kirsimeti ake damina?"

"Puring, kar ki fara."

"Shekaranjiya ka ɗauki murfin tukunya daga kan wuta, kana riƙe da shi kana ba ni labarin Ambo, sai da na ƙwace da tsumma. Buɗe tafinka in ga."

Ban buɗe ba. Ta kawo wancan zancen na zuwa asibiti, na ce bayan gasa. Ta ce bara ma bayan gasa na ce. Na ce to bana ma bayan gasa. Ta ce wata rana taurin kaina zai kai ni inda ba a dawowa, ita kuma ba za ta sa baƙi ba, ja za ta sa. Ƙarya take yi, na ga ta goge ido da bakin riga.

Na wanke hannu da sabulun wanki sau biyu kafin in taɓa komai.

Juma'a, 18 ga Yuli, yamma

Na kwance bindigar Ningning, na sauya allura da waya mai tura ta. Ba don komai ba, don in rufe kowace ƙofa.

Ta dawo daga kantin magani inda take aiki, ko takalmi ba ta cire ba ta kwashi kwalayen satin nan ta yi ɗakinta da su. Wannan sabon salo ne na bana. Da a ɗakin baya take barinsu sai ranar fili, yanzu wai ta fi son ta jera su da kanta tana jin waƙa. Kuma cin harsashi take yi kamar gyaɗa, kwali ba ya kai mata inda ya saba kaiwa. Na ce anak, 'yata, ko kaji kike ba wa? Ta yi dariya ta sumbaci goshina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sau uku ta je fili satin nan, ba ƙyas ko ɗaya. Ni kuwa na ɗebi kaɗan daga ɗurin rana ɗaya da nata, na gwada a tawa bindigar, biyu suka yi shiru. Ko tawa allurar ce? Zan sauya ta ita ma.

Lahadi, 20 ga Yuli, huɗu na yamma

Ina sauka daga mota Renante, ɗan mai gidan man nan da bai iya riƙe bindiga ba sai da na gyara masa tsayuwa, ya ɗaga murya: "Mang Teryo! Yau masu magana kuka kawo mana ko kurame?" Aka kwashe da dariya. Na ce masa ko kurman harsashina ya fi nasa sanin hanyar faranti. Aka sake dariya, amma ba irin ta farko ba.

Na ji shi daga baya yana ce wa Ningning yana da harsashin kanti katan guda, ta ɗauka ta tafi Pampanga da shi, kar ta sa rabonta a caca. Ta ce masa, "Na gode. Ni na Tatay nake harbawa." Haka kawai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na zagaya bayan rumfa na tsaya ina kallon bango. Daɗi na ji ko tsoro, ban sani ba. Na fi zaton tsoro.

Ta yi harbi mai kyau yau, ba ƙyas.

Litinin, 21 ga Yuli, da safe

Na gwada shafawa da hannun hagu. To.

Laraba, 23 ga Yuli, tsakar rana

Guguwa ta sauka tun jiya, an ɗauke wuta, ayabar bayan gida ta kwanta. Ba fita, ba rediyo, sai ni da ɗakin baya.

Akwai wata dabara da nake raina masu yin ta, nakan ce ta ragwaye ce. A tsai da harsashi a kan gilashi. Na sauke hoton aurenmu daga bango na zare gilashinsa, na ja tebur kusa da taga. Wanda firaimarsa ta zauna sai ya tsaya ƙyam. Wanda ta yi tudu sai ya yi ɗan rawa.

Na farko ya tsaya. Na biyu ya tsaya. Na ce ka gani. Na biyar ya yi rawa. Ban ƙirga ba daga nan, ware su kawai nake yi, gefen masu rawa yana ta taruwa.

Na ɗauki ɗaya mai rawa na shafa da yatsa. Sumul. Na rufe ido na shafa. Sumul. Na shafa bakin tebur, wurin da katako ya tsage tun shekarun baya, wanda kullum yake kama mini hannun riga. Sumul.

Na mai da gilashin, hoton ya karkace. Puring ta gani ta gyara shi.

Alhamis, 24 ga Yuli, kafin abincin rana

Dokar farko da nake ba duk wanda ya zo koyo ita ce, ba a sake matsa firaima bayan an zuba albarushi. In ta yi tudu, kwance harsashin ka fara daga farko. Na taɓa korar mutum daga ɗakin nan a kan haka, na ce ya je ya kashe kansa a gidan ubansa.

Yau na ɗauki ɗaya daga masu rawa na sa shi a awartaki. Yawansu ya fi ƙarfin kwancewa, gasa kuma ta matso. Na ce ɗan taɓawa kaɗan ne. Na daɗe ina riƙe da shi ina kallo. Sai Puring ta ƙwala kira wai miyar sinigang na hucewa. Na cire shi na ajiye.

Ban san abin da zan yi ba da ba ta kira ba. Wannan ne ya hana ni cin abincin.

Juma'a, 25 ga Yuli

An dawo da wuta. Ba abin rubutawa.

Asabar, 26 ga Yuli, yamma

Na yanke shawara da safe: tunda ba sa zama, in ƙara ƙarfin matsawa. Sabon kwanso, babu albarushi, in danna har sai awartaki ya ƙi gaba. Haka na yi ta yi, ina gwadawa a gilashi, suna tsayawa. Har na fara fito.

Wata ta shiga a karkace. A da tun kafin ta kai rabi hannuna zai tsaya da kansa. Na danna. Ta fashe, ɗakin ya amsa, kunnena ya ɗauki ƙara. Sai ga Puring da Ningning a bakin ƙofa, ɗaya da wuƙar yanka albasa, ɗaya da buroshin haƙori.

Na ce, "Ba komai, ɗaya ce ta yi gardama. Ku koma."

Ba wadda ta motsa. Ningning ta ce, "Tay. Hannunka."

Na duba. Bakin kwanso ya tsaga mini ɗan yatsa, jini yana ɗiga a kan silifas ɗina, har ya yi 'yar tafki. Tun yaushe, oho.

Ta zaunar da ni ta ɗauko akwatin magani. Ta jiƙa auduga da sifirit ta ce, "Zai yi zafi fa." Ta ɗora. Ba ciwon take kallo ba, fuskata take kallo. Sai da na ga haka na ce ash. Na makara, mu duka uku mun san na makara.

Ta naɗe yatsan tsaf. Puring ta goge ƙasa. Aka kunna talabijin.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan azahar

Na je but ɗin motar Ningning neman lemata. A ƙarƙashin jakar harbinta na ga gwangwanin biskit, irin babban nan na Kirsimeti. Na ɗaga in matsar, na ji shi da nauyi kamar dutse. Na buɗe.

Harsasaina ne, cike har baki, ba a harba ko ɗaya ba. Na sa hannu na tona. Na sama masu jan layi ne. Can ƙasa sai ga kore.

Na ɗauki gwangwanin na shiga da shi kicin na dire a kan tebur. Tana shan kofi. Ta dube shi, ta ajiye kofin.

"Mene ne wannan?"

"Masu tudu ne, Tay."

"Akwai kore a ciki."

"Akwai."

"Tun Janairu ke nan."

"Tun Janairu. Da farko ɗaya ne a kwali, wani kwalin ma babu. Daga baya suka yi yawa."

Ashe waƙar da ake ji a ɗaki ke nan. Ashe kajin ke nan. Wata bakwai ina fita fili ina buga ƙirji, yarinya tana zaune a bakin gado tana bin aikina da yatsa tana tsince abin kunyata. Ranar da harsashina ya yi shiru a gaban mutane, ranar ce kaɗai ya isa bindigarta bai bi ta hannunta ba.

Na yi ihu, ba zan ɓoye ba. Na ce me ya hana ki gaya mini? Kin mai da ni abin wasa? Ke da uwarki da Ambo kun haɗa kai kuna kallona?

"Nay ba ta sani ba. Ba wanda ya sani." Ba ta sauke ido ba. "In ce maka me, Tay? In ce yatsanka ya daina? Kai da ko murfin tukunya ba a isa a yi maka zancensa ba? Na ce in na faɗa za ka rufe ɗakin baya, in ka rufe ɗakin baya kuma ban san abin da zai rage maka ba."

Na ce ta je ta karɓi na Renante.

"Ba zan karɓa ba. Hannuna bai san bugunsa ba, bindigata ba ta san shi ba, ga gasa ranar Asabar. Awonka na sani."

"To ki tafi da kurame."

"Yatsa ne ya tafi, Tay. Idonka na nan, sikelinka na nan, kanka na nan da duk taurinsa. Ni ina da yatsa. Wa ya koya masa?"

Na fita na bar mata gwangwanin. Na zauna a gindin ayabar da ta faɗi har ruwa ya kore ni.

Litinin, 28 ga Yuli

Ban shiga ɗakin baya ba. Na gyara ƙofar kaji da ba abin da ya same ta.

Talata, 29 ga Yuli, bayan faɗuwar rana

Ta ɗauki hutu daga aiki. Ina shan barakon horo na ji motsi a ɗakin baya. Na ce ba zan je ba. Na je.

Tana kan kujerata, awartakina a hannunta, kwanso a jere. Ta ce, "Ban san awon ba, kuma ba zan taɓa albarushi ba sai kana nan. In ka ga dama ka tsaya a bakin ƙofa har Asabar." Na ce kujerar ta yi miki tsawo, gwiwar hannunki a sama take, haka ake riƙe awartaki a garinku? Na jawo akwati na zauna a gefe.

Haka muka wuni. Ita tana dasa firaima, ni ina auna albarushi ina kallon sikeli da tabarau biyu, ina ɗora kan harsashi. Idan ta matsa sai ta rufe ido ta ɗan karkatar da kai, can sai ka ga fuskarta ta saki, ta ji ta zauna. Puring ta leƙo da burodin pandesal ta ce, "Kai, har karkata kan ma naka ne." Ban san ina yi ba.

Kishi na ji, gaskiya. Abin da take ji a hannunta a wannan lokacin nawa ne, shekara da shekaru nawa ne, kuma ba zan ƙara jinsa ba. Na so in ƙwace awartakin. Na ce mata tana sauri da yawa, alhali ba ta yi.

Muka tsai da su a gilashi. Ko ɗaya bai yi rawa ba. Na ɗauki jan alƙalami na ja layina, ya ɗan karkace. Ta zaro wani daga aljihunta, kore, ta gitta a kan nawa. Na ce wannan kuma wace jam'iyya ce? Ta ce ta haɗaka.

Alhamis, 31 ga Yuli, yamma

Mun gama. Mun gwada a fili, duka sun tashi, amma fili ba Pampanga ba ne. Na sake bin kwalayen a gilashi, Ningning ta ce in na ƙara taɓa su za ta kulle su a mota. Ba na iya zama. Ambo zai ja mu a motarsa, wai tuƙina tsoro yake ba shi. Tun yaushe?

Asabar, 2 ga Agusta, Pampanga, hutun rana

Rabi ya wuce. Ba na kallon faranti, kunne kawai nake kasawa. Duk jan kunama sai in jira in ji tau.

Litinin, 4 ga Agusta, hantsi, a gida

Duka sun tashi, daga na farko har na ƙarshe. Mata huɗu za a ɗauka, ta zo ta uku. Da aka kira sunanta Ambo ya rungume ni yana kuka kamar shi ya haife ta, na ce Pare sake ni, mutane na kallo. Wani daga Davao ya tsinci kwansonta ya kawo, ya ce wa ke yi mata ɗuri, bai ji ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce ita ce. Ta ce mu ne. Mutumin ya dube mu ya tafi.

Puring ta karɓo mini layin likita, jibi da safe. An gama gasa, ba ni da sauran ta cewa. Ta ce in na yi gardama ita da Ambo za su ɗaure ni a bayan mota.

A hanyar dawowa Ambo na tuƙi, Puring a gaba tana gyangyaɗi, ni da Ningning a baya. Ruwa ya sake sauka. Ina kallon taga ina lissafin abin da za mu gyara kafin ta tafi waje, ina ta yi mata bayani, tana cewa to, Tay, to, Tay. Da muka kusa Lipa, gida ya matso, na sunkuya zan ɗauki hulata, sai na ga hannunta a cikin nawa, yatsunta a sarƙe da nawa, har da mai bandejin.

Na ce, "Tun yaushe kike riƙe da shi?"

Ta ce, "Tun Bulacan." Bulacan kuwa mun baro ta fiye da awa biyu.

Ban janye ba. Na bar taga, na zuba wa hannun ido har muka iso gida.